Kwana Uku Kafin Hasken

Assalamu alaikum, 'ya'yana da jikokina masu karatu.

Saƙonninku sun iso, kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya da tabarau a hanci. Wata baiwar Allah daga Saminaka ta rubuto cewa, "Hajiya Huraira, ki ji tsoron Allah ki faɗi gaskiya, keken Abarshi kika so ko shi kansa?" To, 'yata, keken nan ba shi da birki, kuma sau biyu yana zubar da mai shi cikin rafi a kan idona. Wani kuma ya ce ina jan labari. Ka yi haƙuri, ɗana. Ina da shekara arba'in da takwas na fara riƙe fensir a ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau ba na sakin kalma sai na juya ta na duba bayanta.

Yau zan faɗi yadda na yi sata a ɗakin matar da ta raine ni.

Ga wanda yau ya fara zama da mu: damina ce ta 1959, Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuma ina da shekara goma sha tara. Rugarmu tana bakin daji, a gefen hanyar Randagi. Iyayena sun rasu ina ƙarama, ƙanin mahaifina, Bappa, da matarsa Inna Hajjo suka riƙe ni. Abarshi kuwa ɗan cikin garin Birnin Gwari ne, Kaɗo a bakinmu tunda ba Bafillatani ba ne, ya yi makaranta a Zariya, yana aiki a ƙarƙashin wani Baturen likitan dabbobi da muke kira Likita Dogo, a wani ɗan sansani da aka kafa saboda sammore, ciwon shanu da ƙudan tsando ke kawowa. Ni ke kai musu nono kowace safiya, da ganyen dankali na zomayensu. A nan ya gan ni, kuma har ya kai gaisuwa wurin Bappa. Bappa bai ce e ba, bai ce a'a ba.

A shekarar nan rediyo ya cika da zancen cewa Faransawa za su tayar da wani irin bam a cikin hamada. Likita Dogo ya shiga damuwa saboda shanun ƙasar nan. Ya samo tsohuwar na'urar hoton ƙashi, ya gina mata ɗakin siminti mai ƙofar dalma, ya tara zomaye a keji. Ni ban gane ba, sai na tambayi Abarshi.

"A cikin jini akwai masu gadi," in ji shi, yana gyara hular dararsa. "Farare ne, ƙanana, ido ba ya ganinsu, kuma a ɓargo ake haifarsu. Hasken na'urar nan ba a ganinsa, ba a jin zafinsa. Ɓargon yake bi ya kashe uwayensu. Zomo zai fito yana tsalle, har ya ci ganye. Bayan mako guda, cutar da a da ko atishawa ba za ta sa shi ba, ita za ta kayar da shi, domin babu mai tsaron ƙofa."

"To, don me kuke yi musu wannan mugunta, Sarkin Zomaye?"

"Don kada irin hasken ya sauko wa shanunku, 'yar Fulani, mu tsaya da hannu a ka ba mu san abin yi ba. Muna neman abin da zai sa masu gadin su dawo."

Na daɗe ina tunanin wannan magana. Haske wanda ba ya haskawa! Makiyaya a cikin jini! Na riƙa duban jijiyar hannuna ina cewa, ashe da jama'a nake yawo ban sani ba.

Mu kuwa a gidanmu akwai wani haɗi na sassaƙe da saiwoyi da kanwa, wanda Inna Hajjo ta gada wurin kakarta, tana ajiye garinsa ja a cikin gora, a rataye a kan gadonta. Sunansa a bakinmu shan shiga. Ana bai wa shanu kwana uku a jere kafin a kora su cikin daji, inda ƙudan tsando yake. Ba a ba wa saniyar da ta riga ta kwanta. Ɓarnar gari ce kawai. Kada kowa ya rubuto yana tambayar sunayen itatuwan. Ba zan faɗa ba, kuma ban ce magani ne ga ɗan Adam ba. Abin da idona ya gani kaɗai nake bayarwa.

Likita ya ji labarin haɗin, ya aiko Abarshi ya roƙa. A nan kuskuren ya faru, kuma babu wanda ya yi shi da gangan. A al'adarmu, uwa ba ta magana da mai neman 'yarta. Ba ta duban fuskarsa, ba ta kama sunansa, in sun haɗu a hanya takan ratse cikin ciyawa. Ranar da ya zo, ina rafi, Bappa yana wurin shanu. Inna ta ƙulle garin a tsumma, ta turo shi ta ƙarƙashin zana da bakin muciya, ba ta ce uffan ba. Shi kuma kunya ta hana shi tambaya. Ya yi godiya ga zana, ya hau kekensa.

Suka sa zomaye goma sha biyu a hasken, sa'an nan suka riƙa ba su garin, kamar yadda kowa ya san ana ba da magani bayan ciwo ya zo. Cikin mako biyu duk suka mutu.

Bappa ya yi fushin da ban taɓa gani ba. "Sun kashe dabba ba da wuƙa ba, ba don ci ba, sa'an nan sun ɗora wa maganin gidana laifi!" Ya rantse cewa daga ranar ko ƙwayar garin, ko maganarsa, ba za ta ƙara fita daga rugar ba. Da na tambayi Abarshi yaushe ya ba su, ya ce, "Bayan sun fito mana," sai na ciji harshena. Rantsuwar Bappa tana kaina.

Wata Juma'a na tarar an kawo sababbin zomaye goma sha takwas, shida shida a keji uku. Abarshi ya ce ranar Talata za su shiga hasken. A kejin ƙarshe akwai wata fara mai baƙin kunne ɗaya, wadda ta miƙe tsaye ta dafa waya tana shinshinar zoben azurfata. Na lissafa da yatsa: Asabar, Lahadi, Litinin. Kwana uku cif.

Masu karatu, ba don ilimi na yi ba. Ban san komai ba. Abin da na sani shi ne, a gidanmu ba a tura dabba cikin halaka da ciki wayam.

Da rana, Inna ta tafi ɗebo ruwa, na shiga ɗakinta. Har yau ina ganin ɗakin: jeren ƙore masu zane a kan ɗan gadon itace da muke kira danki, faifai a kife, saƙinta baƙi na zuwa biki a naɗe, ƙamshin man shanu da hayaƙi. Na sauko da gorar, na zuba cikin tafi ɗaya a gefen fatalata na ƙulle. Ba zai ishi keji uku ba. Safiya uku a jere, lokacin da Abarshi yake bayan ɗaki yana fama da injin wuta, na kwaɓa garin da dusa a kaskon kejin ƙarshe. Suka cinye tas.

Ranar Litinin aka kira Likita Kaduna. Ya bar wa Abarshi agogo da umarni: kowane keji minti kaza, kada ya ƙara, kada ya rage. Ranar Talata ya sa rigar dalma, ya yi aikin shi kaɗai.

Ku da kuke da waya a tafin hannu ba za ku san daɗin saƙon zamaninmu ba. Bappa ya hana mu doguwar hira, ni kuma ban iya karatu ba. Saboda haka kullum in na karɓi ƙwaryata bayan an juye nono, sai in tarar da ƙwallayen tsamiya a ƙarƙashin faifai, kowane ƙwallo zomo ɗaya mai rai. Sai na yi nisa, na shiga inuwar wata ɗorawa, nake buɗewa. Goma sha takwas. Goma sha takwas. A kwana na bakwai, goma sha bakwai. Sa'an nan goma sha huɗu, goma sha ɗaya, takwas. Na leƙa kejin ƙarshe na ga su ma sun lafe, gashi a tsaye, ido a lumshe, Mai Baƙin Kunne ko ɗaga kai ba ta yi. Na ce shi ke nan, na yi sata a banza.

A kwana na goma sha uku, ƙwallo shida. Kashegari, shida. Jibi, shida. A kwana na goma sha bakwai na tura ganye ta waya, sai na ji an fizge shi daga hannuna. Na zauna daɓas a ƙasa, da ƙwarya da komai, na ce, "Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya mayar da rai inda ya fara fita."

Murnata ba ta yi kwana biyar ba. Likita ya dawo, ya ga matattu a rubuce, ya ga shida a keji ɗaya suna cin ganye. Ya ce hakan ba ya yiwuwa. Haske ɗaya, minti ɗaya, abinci ɗaya, yaya keji biyu za su ƙare, ɗaya ya tsira gaba ɗaya? Ya ce tausayi ya kama Abarshi a keji na ƙarshe, ya kashe na'ura kafin lokaci, sa'an nan ya rubuta ƙarya a littafi. Ya ba shi zuwa Juma'a: ko ya amsa laifi, ko ya karɓi takardar kora.

Ranar Alhamis da la'asar Abarshi ya zo rugarmu yana tura keke da hannu. Farar rigarsa a goge, wandon kakinsa da kari, amma fuskar kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Ina bayan zana da ludayi a hannu.

"Baba, na zo ne ka ji daga bakina kafin ka ji a kasuwa."

Bappa ya saurara har ƙarshe. "Ka rage musu lokacin?"

"Ban rage ba, Baba."

"To, me ya rayar da su?"

Ya sunkuyar da kai.

"Allah ne Ya rayar da su, Baba."

"Allah ne Ya kashe sauran ma," in ji Bappa. "Ka ji ni da kyau, Malam. Talaka zai aure ta. Baƙo zai aure ta. Kaɗo ma, in ta ce shi take so, na haƙura. Amma wanda aka kora da sunan maƙaryaci ba zai zauna a tabarmata ba. Gobe in takardar nan ta shiga hannunka, ka manta hanyar gidan nan."

Da ya tafi na sami Inna tana tatsar Goɗiya, wata jar saniya mai harbi. Na durƙusa na riƙe mata ƙafar.

"Inna, na taɓa gorarki."

Ba ta ɗago ba. Nono ya ci gaba da sauka cikin ƙwarya.

"Shekara talatin ina ɗaga gorar nan," in ji ta. "Kina tsammanin za a ɗebi tafi guda hannuna bai sani ba? Jira nake in ga ko na raini ɓarauniya ce, ko mai kunyar faɗa."

"Bappa zai tsine mini."

"Zai yi faɗa. In ya gama, ki ɗauko mini baƙin saƙina. Gobe da ni za a je."

Ya yi faɗan kuwa, har kaji suka watse. Amma da hantsi ranar Juma'a muka kama hanya mu uku: Bappa a gaba da malafa da sanda a kafaɗa, Inna a tsakiya ta lulluɓe har ido, ni a baya da atamfata mai ruwan ganye da murjani biyu a wuya.

Mun tarar da Likita a baranda, takarda a kan tebur, Abarshi a tsaye. Likita ya iya Hausa, sai dai a hankali yake ajiye kalmomi kamar mai jera ƙwai. Na durƙusa, na faɗi komai: gorar, tafi ɗaya, safiya uku, kaskon.

"Kafin hasken?" in ji shi. "Ba bayansa ba?"

"Kafin, ranka ya daɗe. Ai ba a ba wa wadda ta kwanta."

Ya cire tabarau, ya mayar. Ya juya ga Abarshi. "Kai ka san wannan?"

Abarshi ya shiga ɗaki, ya fito da kaskon. A gindinsa, cikin tsagar yumɓu, ga jan garin ya kama. "A kwana na goma na gani, ina wankewa. Na gane launin."

"Ka gane, ka bar ni ina kiranka maƙaryaci? Don me?"

"In na faɗa, na ce 'yar mutane ta yi sata a ɗakin uwarta, ta karya rantsuwar ubanta. Ba ni ne zan faɗi haka ba."

Na ji Bappa ya yi gyaran murya. A hankali ya ce, kamar da sandarsa yake magana, "Ashe Kaɗo ma ya iya kunya."

Likita ya yi faɗa, ya ce mai bincike ba ya ɓoye abin da ya gani, ko na uwarsa ne. Amma faɗan bai yi nisa ba, domin hannunsa ya riga ya kai kan wani akwatin katako. Ashe kowace safiya Abarshi yana tsaga kunnen kowane zomo, ya ɗiga jini a kan ɗan gilashi, ya rina shi da shuni, ya rubuta rana. Likita ya zaro uku na Mai Baƙin Kunne, ya kai mu gaban wani madubi mai dogon wuya a bakin taga.

"Malam Bappa, ka rufe ido ɗaya."

Bappa ya ajiye malafa, ya sunkuya, ya zabura baya. "A'uzubillahi! Wannan duk a cikin ɗigo ɗaya?"

"Ɗigo ɗaya. Jajayen su ne masu yawa. Ka nemi manya masu launin shuni a tsakaninsu."

"Na gan su. Ga ɗaya, ga wani can. Suna tsaye cikin garke kamar makiyaya."

Aka sa na kwana bakwai. Bappa ya daɗe yana dubawa. "Garken yana nan," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Babu makiyayi ko ɗaya."

Aka sa na kwana ashirin. Sai na ga leɓɓansa suna motsi, na gane tasbihi yake yi. Ya matsa, ya yi mini nuni da hannu, abin da bai taɓa yi ba a gaban maza.

'Ya'yana, na je Makka, na ga teku ta tagar jirgi, na ga jikan jikana. Amma ban taɓa jin ƙanƙantata a gaban Ubangiji kamar ranar da na sa ido a bakin madubin nan ba. Fili ne zagayayye mai haske, cike da jajayen zobba kamar an watsa murjani a faifai. A tsakaninsu ga masu shunin nan sun dawo, wasu manya, wasu ƙanana, waɗanda Likita ya ce sababbin haihuwa ne daga ɓargo. Wani wuri a cikin ƙashin 'yar dabbar nan, an bar iri bai ƙone ba, ya sake tsirowa, babu wanda ya ji motsinsa. Hawayena ya ɗiga a kan ƙarfen, Abarshi ya sa gefen rigarsa ya share.

Likita ya ninke takardar kora ya sa a aljihu. "Sau ɗaya ba shaida ba ce," in ji shi. "Wataƙila garin ne, wataƙila wani abu dabam. Za mu sake, ni da kaina a kan agogo. Keji ɗaya a ba su kafin, ɗaya bayan, ɗaya kada a ba su komai. In Malam Bappa ya yarda."

Bappa ya ce zai yi kaffarar rantsuwarsa, amma garin ba nasa ba ne, na mai gora ne.

"To, uwargida," in ji Likita, "ki gaya wa Abarshi yadda ake yi, daki daki, ya rubuta. Wannan karon kada a yi kuskure."

Bai san abin da ya roƙa ba. Mu huɗu mun sani. In Inna ta buɗe fuska ta dubi Abarshi ta yi masa magana, to, ta mayar da shi baƙo kamar kowane baƙo, maganar aure ta mutu ke nan ba tare da an ce ta mutu ba. Bappa ya kafa ido a ƙasa, ya bar mata hukuncin. Abarshi ya riƙe fensir a kan takarda.

Inna ta miƙe. Ta gyara saƙinta. Ta taka har gabansa, taku uku, na ji ƙarar mundayenta. Sa'an nan ta ja lulluɓi ta rufe har goshi, ta juya masa baya, ta fuskanci bango.

"Huraira."

"Na'am, Inna."

"Ki gaya wa mutumin nan mai keke marar birki: kwana uku kafin, da sassafe, kafin su sa komai a baki. Kuma ki ce masa, nan gaba in an turo masa abu ta ƙarƙashin zana, ya nemi 'yar gida ya tambaya. Ni ba ni da baki a gabansa, kuma ba zan taɓa yi ba."

Fensirin ya faɗi ƙasa. Likita yana duban wannan yana duban wancan, ya rasa dalilin da ya sa Abarshi yake dariya da hawaye, ni kuma na cusa fuska cikin fatala.

"Ka ji ta bakin 'yarta," in ji Bappa, yana laluben takalminsa a bakin baranda. "Lahadi ka turo manyanka. Su zo da ƙafa, kada su hau abin nan naka."

Da a nan ranar ta ƙare, da na ce ban taɓa ganin rana mai daɗinta ba. Amma Likita ya riga ya nufi kejin ƙarshe, yana naɗe hannun riga.

"Saura abu guda," in ji shi. "Jini ya nuna mana sun dawo. Dole in ga inda suka fito. Zan buɗe ɗaya in duba ɓargo da saifa."

Ya zura hannu. Biyar suka gudu lungu. Guda ɗaya ce ta saba da hannun mutum, ta miƙe tsaye ta dafa yatsunsa, baƙin kunnenta a sama.

Bappa ya riga ya sa takalmi ɗaya. Ya cire shi, ya jingine sandarsa da bango, ya koma kan tabarma ya harɗe ƙafa.

"Likita," in ji shi, "ajiye ta tukuna. Zauna. Ni da kai ba mu gama ba."